Bayan an sayi littafi: ina iyakar haƙƙin mai karatu a kan marubuci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na rubuta littafin koyar da amfani da Excel wajen lissafin ƙaramin kasuwanci, na buga shi da kaina, ina kuma sayar da shi a Amazon. Yanzu saƙonni sun yi mini yawa. Wannan ya ce abin da na koyar a shafi kaza bai yi masa aiki ba, wancan yana so in duba masa lissafin kasuwancinsa gaba ɗaya. Yaya zan yi da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya sayi littafin koyarwa sakamako ya saya, don haka yana da haƙƙi a kanka har sai abin da ka rubuta ya yi aiki kamar yadda ka faɗa. A nan haƙƙin ya tsaya. Aikinka na farko shi ne ka gane wace irin tambaya ce ta zo, domin ba amsa ɗaya ake ba su ba.

Mafi yawan “bai yi aiki ba” ba kuskuren littafi ba ne, bambancin kayan aiki ne. Ka rubuta =IF(A2>100,"Riba","Asara") da waƙafi tsakanin sassan, mai karatu ya kwafa daidai, Excel ya ƙi karɓa. Dalili shi ne kwamfutarsa na kan saitin ƙasar da ake raba lamba da ɓurɓushinta da waƙafi, kuma a irin wannan saitin sai an sa alamar waƙafi mai ruwa (;) a wurin waƙafin. Haka XLOOKUP, umarnin Excel na nemo bayani a cikin jadawali: yana cikin Excel 2021 da Microsoft 365, amma babu shi a na 2016 da na 2019, sai mutum ya ga saƙon kuskure na #NAME? ya ɗauka kai ne ka yi kuskure. Saboda haka kada ka fara bayani kafin ka nemi abubuwa huɗu: lambar shafi, Excel na wace shekara, waya ce ko kwamfuta, da hoton allon da ke nuna matsalar. Wannan kaɗai zai rage maka kai-komon saƙo sosai.

Idan kuwa kuskuren naka ne, ka amsa shi kai tsaye, ka gode wa wanda ya gano. Ka buɗe shafi ɗaya a intanet na gyare-gyare, kowane gyara da lambar shafinsa da ranar da aka yi shi. Adireshin shafin da adireshin imel na musamman don littafin su kasance a farkon littafin da ƙarshensa. Wannan ba ado ba ne: Amazon ba ya ba marubuci sunayen waɗanda suka sayi littafinsa, to in ba su same ka ta cikin littafin ba, ba ku da mahaɗa. Kada kuma ka buga lambar wayarka, domin abin da ya shiga takarda ba ya gogewa, za a kira ka ko da tsakar dare.

Ka riƙa rubuta kowace tambaya a wuri ɗaya tare da shafin da ta fito. Duk wadda mutum uku suka yi, to bayanin wurin ne bai fita ba, ko da kai kana ganinsa a sarari. A gyara shi a bugu na gaba, a rubuta lambar bugun da shekararsa a shafin haƙƙin mallaka don ka san wanne ke hannun mai tambaya. Gyaran harafi ko lamba ba ya buƙatar sabuwar lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, amma sabon bugu mai canji mai yawa yana buƙata.

Shi kuwa mai son ka duba masa lissafinsa, wannan aiki ne daban, ba ya cikin kuɗin littafi. Ka faɗa masa cikin ladabi, ka nuna masa babin da zai taimake shi, in kana da lokaci ka yi masa a matsayin aikin da ake biya. Mu dai shawararmu kada ma ka karɓi takardun da ke ɗauke da sunayen abokan cinikinsa ko bayanan bankinsa, amana ce mai nauyi da ba ka nema ba.

Ka ware rana biyu a mako don amsa saƙonni, ka sanar cewa amsa na iya ɗaukar kwana uku zuwa biyar. In ka warware wa mutum matsala, babu laifi ka roƙe shi ya rubuta ra'ayinsa na gaskiya a kan littafin, amma kada ka haɗa da kyauta ko rangwame, dokar Amazon ta hana hakan.