Ku Tambayi Anti: Rubutu yana neman cinye min karatu

Saƙonnin wannan makon kusan duk na 'yan jami'a ne, da alama jarabawa ta ƙarato kowa ya tuna da Anti. Uku na ɗauka, sauran ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ina wuni ya aiki. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu ina karanta kemistiri, tun ina sakandare nake rubuta labarai, toh yanzu na fara wani labari ina sakawa kullum feji ɗaya kuma mutane sun karɓe shi sosai, in na yi kwana ɗaya ban saka ba sai saƙo ya cika min waya wai ina ci gaban. Wallahi Anti wataran har ƙarfe biyun dare ina taifin, da safe kuma lakcar ƙarfe takwas ina gyangyaɗi, semestar da ta wuce na kwaso kari-oba ɗaya, wato na faɗi kwas ɗaya sai na maimaita shi, kuma har yanzu Abba bai sani ba. Ƙawata ta ce in ajiye rubutun kwata-kwata sai na gama makaranta, ni kuma ji nake kamar an ce in daina numfashi. Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙawarki tana sonki amma ni ban goyi bayanta ba, saboda na san mutane da yawa da suka ce bari sai sun gama, suka gama ɗin, aiki ya zo, iyali suka zo, yau ko layi biyu ba sa iya haɗawa. Hannu in ya huce da wuya ya dawo. Sai dai ki duba da kyau wane ne ya ɗora miki wannan "kullum feji ɗaya" ɗin, ke ce da bakinki, kuma masu damunki da ina ci gaba babu ko ɗaya da zai shiga ɗakin jarabawa tare da ke, suna kwance suna karantawa cikin minti biyar abin da kika kashe awa uku a kai.

Bari mu yi lissafi tunda ke 'yar kimiyya ce. A ce kina da yunit 18 a semesta, a ma'aunin maki 5, kin ci B a komai, wato maki 4 a kowane yunit, 72 kenan a raba da 18, GP ɗinki, wato matsakaicin makinki, 4.0. Kwas ɗaya mai yunit 3 ya faɗi, kin koma 60 a raba da 18, wato 3.33, kuma kwas ɗin yana nan yana jiranki baɗi a saman na sabon aji, wataƙila ma lokacin lakcarsa ya ci karo da wata. Abin da ƙarfe biyun dare ya saya miki kenan. Yanzu juya lissafin ta ɗaya ɓangaren: kalma 200 kacal a rana, abin da bai fi rabin awa ba, cikin kwana 100 kin tara kalma 20,000, ai wannan littafi ne guda ƙanwata, kuma ba ki yi gyangyaɗi gaban lakcara ba.

Don haka ki fito ki faɗa wa masu karatun naki cewa daga yau sau biyu ne a sati, lokacin jarabawa kuma hutu ne, wanda zai yi fushi ya yi, mai son labarin da gaske zai jira. Ki dinga rubutawa ki tara, kar ki saka feji sai kina da biyu ko uku a ajiye, ta haka ranar da tes ya faɗo miki ba za ki rikice ba.

Akwai wata dabara da wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro ƙarshen shekarun 1980, shi ma lokacin ɗalibin jami'a ne karatu ya ƙi shiga kansa, ya ɗauki ɗan agogon kicin ya dinga saita shi, daga baya tsarin ya tsaya a minti 25 na aiki, minti 5 na hutu. Ki gwada, zagaye huɗu na kemistiri tukun sannan ɗaya na labari, kamar tukwici. Wayar kuma ki kife ta can nesa a kan gado, in ba haka ba minti 25 ɗin a duba kwamen zai ƙare. Sannan ki daina tara karatu sai daren jarabawa, tun 1885 wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a awannin farko bayan an koyi abu, shi ya sa duba nota na minti goma a yammacin ranar da aka yi lakcar ya fi kwanan zaune amfani.

In kuma wani ya ce miki ba a haɗa kimiyya da adabi, ki ce masa Anton Chekhov na Rasha yana karatun likita a jami'ar Mosko yake rubuta gajerun labarai yana kai wa mujallu don ya taimaki gidansu, kuma a 1884 ya fito da takardarsa ta likita. Ki lura fa, gajeru na ce.

Maganar Abba kuwa, ki faɗa masa da kanki kafin ya ji a bakin wani, ki je da shirin da kika yi na gyarawa a hannunki. Faɗan yini ɗaya ne.

TAMBAYA: Anti barka da warhaka. Ni ɗan aji uku ne, ina zane da fensir kuma ina ɗan taɓa na kwamfuta. Wani ɗan ajinmu ya ɗauki zanena da na tura a gurup ya yanke inda na sa sunana ya saka a shafinsa ana ta yaba masa, da na yi masa magana sai ya ce ai ban yi rajista ba don haka na kowa ne. Gaskiya ne?

AMSA: Ba gaskiya ba ne ƙanena, burga ce. Akwai yarjejeniyar Berne ta 1886 wadda ƙasashe sama da 180 suke ciki, kuma ginshiƙinta shi ne haƙƙin mallaka yana hawa kan aiki da zarar ka samar da shi, babu buƙatar rajista, kuma mafi ƙarancin wa'adinsa tsawon rayuwar mai aikin da ƙarin shekara 50. Abin da ba ta karewa shi ne tunani zalla, wato in shi ma ya zauna ya zana tsohuwa a bakin taga da hannunsa ba ka da ta cewa, amma ɗaukar naka ya yanke suna, wannan sata ce tsirara.

Hujja kake buƙata. Takardar asali mai shatin gogewar fensir tana wurinka, haka fayil ɗin farko mai kwanan wata, kuma ka sani hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yana matsewa ya zubar da bayanansa, don haka nasa kwafin ba zai kai naka ba. Ka sake samunsa ku biyu, ka ce ya sauke ko ya sa sunanka, in ya ƙi, Facebook da Instagram duk suna da fom na kai ƙarar satar fasaha, ka cike. Gaba kuma ka dinga sa hannu a cikin zanen, jikin riga ko cikin inuwa, inda in an yanke sai zanen ya lalace. Muna makaranta akwai wata 'yar ɗakinmu da take ɓoye harafin sunanta cikin kitson duk macen da ta zana, sai ta nuna maka da bakin biro sannan ka gani.

TAMBAYA: Anti ni matsalata bakina, komai sai na faɗi ra'ayina, jiya na rubuta a gurup ɗin aji cewa wani lakcara karanto mana nota kawai yake bai iya koyarwa ba, yanzu an ce an yi sikirinshot an kai masa. Na goge amma hankalina ya ƙi kwanciya.

AMSA: Gogewar ta makara 'yata, abin da aka ɗauka an ɗauka. Wataƙila ma gaskiya kika faɗa, amma gurup mai mutum ɗari ai filin Allah ne, kuma da kin ce "ba ma gane darasin, a taimaka mana da misalai" ta hannun kilas-ref, wato wakilin aji, da saƙon ya isa ba tare da sunanki ya yi yawo ba. Ki shirya ki same shi a ofis lokacin ganin ɗalibai, ki tafi da ƙawa ɗaya, ki gaishe shi ki ba shi haƙuri kan lafazin, kar ki tsaya kare kai kuma kar ki fara binciken wanda ya kai gulmar. Ranar lakcarsa ta gaba ki zauna a layin gaba da littafinki a buɗe.