Amsa: Me ya sa toshewar jijiya ɗaya ta shanye ɓarin jikin Baba?

Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Kin tambaya ko sauran jijiyoyin ba za su iya ciyar da ƙwaƙwalwa ba idan ɗaya ta toshe, kuma me ya sa hannun dama ya mutu alhali likita ya ce matsalar a hagu take.

Jijiyoyi huɗu ne ke kai jini sama. Biyu na gaban wuya, su ne karotid. Ɗora yatsa a gefen maƙogwaro za ki ji bugunsu. Biyun baya kuwa ta cikin ƙasusuwan wuya suke hawa, su haɗe su zama ɗaya. A gindin ƙwaƙwalwa dukkansu suna haɗuwa a wani zobe da likitan Ingila Thomas Willis ya bayyana a 1664. Zoben kan ceci mutum idan toshewar tana ƙasa da shi, amma a mutane da yawa bai cika ba. Reshen da ya wuce zoben kuwa, in ya toshe, wurin da yake ciyarwa yakan fara mutuwa cikin mintuna, domin ƙwaƙwalwa ba ta ajiye iskar oksijin. Batun dama da hagu kuma, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa jikin dama, kuma galibi magana ma a can take.

Akwai kuma hanyar dawowar jini: jinin da ya gama aiki yana taruwa a magudanan da ke cikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ya sauko ta jijiyoyin wuya da ake kira jugula. Waɗannan magudanan ma suna toshewa, musamman ga mai jego. In ta yi kukan ciwon kai mai tsanani ko ta fara jijjiga, a garzaya da ita asibiti a ranar.