Wane Filafili Ya Dace da Ƙaramin Jirgin Katako?

Tambaya: Na ƙera jirgin ruwa na katako mai tsawon mita 4. Wane irin filafili, wato ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi, zan ɗaura masa?

Amsa: Muna ba ka shawarar filafilin "lag" mai kusurwa huɗu, faɗinsa murabba'in mita 6 zuwa 7. Sanda ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, dukkansu suna ɗan leƙowa gaban jigo. Jigonsa gajere ne, ba ya buƙatar wayoyin tallafi, yana kwanciya cikin jirgin.

Ɗaura igiyar ɗagawa a wajen kashi 40 cikin 100 na sandar sama, daga gaba. Sannan ka ja igiyar da ke danne sandar ƙasa tamau. Nan ake yawan kuskure: idan ta yi sako-sako, gaban ƙyallen zai riƙa kaɗawa, jirgin ya kasa tunkarar iska. In ka ga ƙyallen ya tattare a karkace daga kusurwar sama ta gaba zuwa kusurwar ƙasa ta baya, ƙara ja.

Filafilin "sifirit", wanda sanda guda ke tokare kusurwarsa ta sama, ya fi arha, amma rage shi idan iska ta tsananta akwai wuya. Filafilin "gaf" kuwa, wanda sandarsa ta sama ke jingine a bayan jigo, igiyoyinsa sun yi wa jirgi irin naka yawa.