Ki rage garuruwan nan, 'yar'uwa

Wa'alaikumussalam. Ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, kamar ni na rubuta ta. Yara uku, ga Hajiyar maigida, kwana takwas, an jera muku Kasablanka da Fas da Maknes da Marrakesh a ƙasar Maroko, kina tambaya ko zai yiwu. Haka aka jera mana bara waccan a hutun Disamba, mu shida, kuma har yau in na tuna sai na ji ɗaci a bakina.

Wanda ya haɗa mana tafiyar a cikin garin nan yake, ba zan kama suna ba. Ya zo har gida Mabera ya nuna wa Baban yara hotunan masauki a waya, tsakar gida duk tayil, ga ruwa na tsiyaya a tsakiya, yana ta "Alhaji, ai a cikin tarihi za ku kwana." Abin da bai faɗa ba, mota ba ta shiga tsohon birnin Fas. Daga baya muka gane shi kansa bai taɓa taka Maroko ba. Mun yi kusan awa huɗu a jirgin ƙasa daga Kasablanka, tasi ta sauke mu a ƙofar Bab Bujulud bayan isha'i, ana yayyafi, ga akwatuna biyar, ga Hajiya da ciwon gwiwa. Sai mai kura muka ɗauka ya tura kayan, mu muka bi shi a ƙafa cikin lunguna masu santsi. Hajiya ba ta ce uffan ba, sai salati take a hankali, shi ya fi ƙona mini rai. Na kira mutumin nan sau bakwai, waya a kashe. Da muka dawo ya ce wai "Hajiya, ai yawon buɗe ido ya gaji haka." Kuɗinmu fa ya ci, ko haƙuri bai ba mu ba.

Kashegari ne abin ya faru. Muna gangara babban lungun kasuwa da suke kira Tala'a Kabira, sai ga alfadari ɗauke da tukwanen gas, mai shi yana "Balak! Balak!", wato a ba da hanya. Kowa ya manne da bango. Yana wucewa na duba hannuna, babu autana. Shekararsa biyar. Na kira sunansa har muryata ta dishe. Lungu ya rabu uku, kowanne ya sake rabuwa, duk kama ɗaya, ko'ina mutane cikin jallabiya mai hula. Baban yara ya yi gabas, ni na tsaya riƙe da sauran biyun ƙafafuna na rawa, Hajiya ta zauna bakin wani shago tana kuka tana cewa ita ta ja mana. Larabcin Islamiyya da nake taƙama da shi ya gudu, "waladi, waladi" kawai ke fita. Minti arba'in, 'yar'uwa. Na riga na fara tunanin abin da zan gaya wa Inna in na sauka Sakkwato ba shi. Ashe wani dattijo mai sayar da tagulla ya zaunar da shi kan kujera, ya ɓare masa lemo, yana jiran a zo nema. Yaron ba ya ɗauke da komai, ko lambar ubansa. Ki rubuta lambar waya da sunan masauki a takarda ki sa wa kowane yaro a aljihu, har Hajiya ki sa mata a jaka, kada ki ji kunya.

Ba cewa nake kada ku je Fas ba. Mun yi azahar a masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihri ta kafa a shekarar 859, na ce wa babbar 'yata ki duba, mace ce ta gina wannan. Mun kai Hajiya zawiyar Shehu Tijjani, aka gaya mata ya rasu 1815, ta lissafa da kanta ta ce shekara biyu ke nan kafin Mujaddadi, ta ce wurin ya tuna mata Hubbare. Majemarsu kuwa, za a miƙo miki ganyen na'ana'a ki kara a hanci saboda wari, da kashin tattabara suke jiƙa fatar. Baban yara ya yi ta cika musu baki cewa abin da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, da yawa ta jar akuyarmu ce da ayari ke tsallakowa da ita Sahara. Mai shagon ya yi dariya, bai rage mana ko dirhami ɗaya ba.

Ku bar Marrakesh gaba ɗaya, nesa ce daga Fas, yini guda za ku kashe a jirgi. Maknes kusa take, a je da safe a dawo da yamma. Duk saurayin da ya tare ku ya ce "hanyar nan a rufe take, ku biyo ni," ki ce "la, shukran" ki wuce, shagon ɗan'uwansa zai kai ku sannan ya tsare ku da neman kuɗi. Ki tafi da yajinki, abincinsu ba barkono, yarana burodi da shayi suka rayu a kai. In akwai mai ɗan Faransanci a cikinku, irin 'yan'uwanmu na Illela masu shiga Ƙonni, ya fi Larabcin littafi amfani wajen ciniki.

Kasablanka hayaniya ce da cunkoso, kwana biyu sun isa. Ku ga masallacin Hassan na Biyu a bakin teku, 1993 aka gama shi, hasumiyarsa mita 210, yara sun ɗaga kai har hular ɗaya ta faɗi. Ƙananan jajayen tasi ɗinsu mutum uku kawai suke ɗauka, ko kin roƙa ba za su ƙara ba, dole ku rabu mota biyu, to kowace mota ta riƙe adireshi.

Kuma ba ki faɗi watan da za ku ba. In Disamba ne ki sayi rigunan sanyi na gaske, sanyinsu da ruwa yake zuwa, ba irin hunturunmu ba ne. Hajiyar taku tana iya hawa bene? Gidajen nan matakalarsu tsaye take kamar tsani, ki sa a rubuta miki ɗakin ƙasa kafin ku biya ko kwabo.