Fatawa: Tara Sa Hannu Don a Halatta Wiwi Saboda Ƙanwa Mai Farfaɗiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Aboabo, Kumasi. Ƙanwata tana fama da farfaɗiya tun tana ƙarama, maganin asibiti ya rage amma bai tsayar ba. Abokaina suna gangamin neman gwamnati ta saki wiwi, sun ce man da ake tatsa daga jikinsa yana maganin wannan ciwo. Sun ba ni takarda in tara sa hannu a zango, in kuma ɗinka musu tutoci. Takardar ta ce a halatta shi don magani, don noma, da kuma "ga duk baligin da ya ga dama". Ɗaya daga cikinmu ya ce Malikiyya ba su ɗauke shi giya ba. Ya halatta in shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ƙanwarka lafiya, ya saka maka da ɗawainiyar da kake yi da ita.

Ɗana, da takardar ta tsaya a magani da noma, da amsata gajeriya ce. Layin ƙarshen nan shi ya canza hukunci. Ba ya halatta ka sa hannu, ko ka kai wa wani ya sa, ko ka ɗinka tutar, muddin "duk baligin da ya ga dama" yana ciki, domin taimako ne a kan saɓo. Sa hannu ba ya rabuwa gida uku. Wanda zai karɓi takardar a Akra ba zai san cewa kai ƙanwarka ce a ranka ba, sunanka kawai zai ƙirga.

Sannan biyun farko ai doka ta riga ta buɗe ƙofarsu. Dokar 2020 ta NACOC, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Ghana, ta yarda a ba da lasisin noman wiwin da sinadarin THC, wato mai bugarwa, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, don masana'antu da magani. Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022 saboda majalisa ba ta bi ƙa'idar muhawara ba, majalisa ta sake zartar da shi a 2023. To me ya rage da ake nema? Ka tambayi abokanka wannan, ka dubi fuskarsu lokacin da suke amsawa.

Maganin da ƙwararren likita ya rubuta, aka auna shi, babu wani da ya maye gurbinsa, wannan ya halatta, kamar yadda ake ba wanda aka yi wa tiyata allurar da aka ciro daga ofiyom. Noman irin da ba ya bugarwa don zare ko mai, shi ma babu laifi.

Mu zo ga maganar abokinka, don ita ce ke yawo a bakin samari. Ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya, shi ya sa take da haɗari. Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya wanda ya rasu a 684 bayan hijira, a cikin Al-Furuƙ ya raba abubuwan da ke taɓa hankali gida uku: mai sa maye tare da nishaɗi, mai ɓata hankali ba tare da nishaɗin ba, da mai gusar da ji da gani. Ya sanya hashisha, wato wiwi, a na biyu. Abin da ya gina a kai shi ne ba najasa ba ce, kuma ba a yi wa mai shanta bulalar haddi. Amma ya ce a yi masa ta'aziri, wato alƙali ya hore shi. Ana horon mutum a kan halas? Abokinka ya ɗauki rabin magana ya bar rabi.

Zai ce maka ai a wannan ra'ayin ɗan kaɗan da bai taɓa hankali ba an yarda da shi. Na ji. Amma wa ka taɓa gani a bayan tasha ko a lungun zango ya naɗa wiwi don kada ya ji komai? Abin da ake saya da sidi shi ne cajin, in bai zo ba sai a ƙara wani naɗin. Kuma hujjar Ƙarafi duka ta rataya ne a kan cewa masu shanta ba sa samun nishaɗi, sai mutuwar jiki da barci. Ibn Taimiyya ya musanta wannan, ya ce suna jin daɗi suna nishaɗi kamar mashaya giya, shi ya sa suke nace mata. A nan ni ina tare da shi, don masu shan da kansu ne shaida. Ko da ma mun bar wa Ƙarafi rabonsa, hadisin Ummu Salama a wajen Abu Dawuda ya hana duk mai sa maye da duk mai kashe jiki. Saɓanin nasu a kan haddi ne da najasa. Babu ɗayansu da ya ce a sha don a bugu.

Akwai abin da zan yarda ka yi magana a kai da babbar murya: kada a riƙa jefa yaro kurkuku saboda ƙulli ɗaya, ya shiga da shaye-shaye ya fito da sata. Tun da ta'aziri ne a mazhabarmu, hukuma tana da ikon zaɓar tara ko kai shi wajen jinya, kuma dokar 2020 ta karkata can. Rage hukunci daban, cewa abu ya halatta daban. Mu da muka ga abin da taramol ya yi wa samarin zango ba ma bukatar a ƙara buɗe wata ƙofa.

Abin da ya fi damuna shi ne yarinyar. Kada ka saya mata man kwalba a hannun kowa, don ba ka san abin da ke ciki ba. Maganin da Amurka ta amince da shi a 2018, Epidiolex, tataccen CBD ne, wato wani sinadarin wiwi da ba ya bugarwa, kuma don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani aka yi shi, ba kowace ba. Yana iya taɓa hanta idan ya haɗu da wasu magungunan farfaɗiya. Kada kuma a tsayar mata da ƙwayoyinta farat ɗaya, wannan na iya jawo faɗuwar da ba ta yankewa. Ka kai ta asibitin Komfo Anokye, ka nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ka tafi da kwalayen magungunanta da lissafin ranakun da take faɗuwa, ka yi masa tambayar CBD kai tsaye.

In abokanka sun yarda a goge layin ƙarshe, ka ɗinka musu tutar. In sun ƙi, ka mayar musu da yadinsu cikin mutunci, kada ku yi faɗa.

Wallahu a'alam.