Amsar murya: tabon da ya fito a fenti bayan an shafa siramik

Assalamu alaikum jama'a. To, ɗan'uwa mai baƙar mota, na ga hotunan da ka turo, na kuma saurari muryarka har sau biyu. Ka ce yau kwana uku da ka shafa siramik, wato ruwan nan da ake shafa wa fentin mota ya daskare ya kare shi, da hannunka, sai ga dabbare-dabbare a bonet da ƙofar direba kamar an ɗiga mai, ga kuma ƙananan zobba farare a rufin motar, kana tsoron ko fentin ne ya lalace. Kwantar da hankalinka, fentinka yana nan lafiya. Amma don Allah injin folish ɗin da ka ce za ka aro, bar shi a wurin mai shi tukuna.

Kafin a taɓa komai sai an san inda tabon yake zaune. A kan siramik ɗin yake, ko shi kansa siramik ɗin ne, ko kuwa yana ƙarƙashi ka rufe shi da hannunka? Naka iri biyu ne a haɗe, shi ya sa ya rikita ka.

Na bonet da ƙofa, wanda in ka karkata kai yake ba da launin bakan gizo, wannan siramik ne da ya taru wuri guda ba a goge shi ba. Ka gane, ruwan nan silika ne a cikin wani sinadari mai tashi. Kana shafawa sinadarin zai fara bin iska, cikin minti ɗaya zuwa biyar, gwargwadon zafi da danshin wurin, za ka ga fuskar fentin ta fara kamar gumi. A wannan ɗan tsakanin ake share rarar. In ka makara, ko ka shafa wuri mai faɗi a tashi ɗaya, ko tsumman ya tura rarar zuwa gefe ba ka bi ta ba, to nan za ta daskare. Duba hoton ƙofarka, ai layin ya bi gefen madgad ne, daidai inda hannunka ya tsaya. Alamarsa ke nan.

Da a awar farko ka gan shi, da abin wasa ne. Ka ɗiga siramik kaɗan a soson, ka bi ta kan tabon, sabon ya narkar da tsohon, ka goge nan take. Amma kwana uku ya riga ya kama. Bai dai gama ƙarfi ba, don yawancinsu sai sun yi mako ɗaya zuwa uku suke ƙanƙarewa sosai, saboda haka yau ya fi gobe. Nemi folish mai laushi, na gamawa, ba kampawun mai kaushi ba. Sa ɗan ɗigo a tsumman maikirofaiba, ka murza da yatsu biyu a kan tabon kawai, a hankali, ka goge ka duba. Ka fara da tabo ɗaya a ƙasan ƙofa inda ido ba ya zuwa. In ya tashi, madalla, ka bi sauran. In ya ƙi bayan sau biyu ko uku, to a nan ne injin zai shigo, shi ma da soso mai laushi.

Dalilin da nake ta jan kunne a kan inji: shi siramik ɗin kaurinsa bai wuce maikiron ɗaya zuwa biyu ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kiliya kuwa, wato wancan fenti mai sheƙi na sama, wajen maikiron 40 zuwa 50 take a motar da ta fito daga kamfani, kuma a gefuna da kan ƙugu ta fi siranta. Abin da ka ci daga cikinta ba ya dawowa. Kar ka ƙone kiliya a kan tabon da yatsa zai iya cirewa.

Af, kuma duk inda ka yi folish ka sani siramik ɗin wurin ya tafi ko ya ragu. Sai ka goge da IPA, wato sifirit ɗin isopropyl, da aka sirka da ruwa don man folish ya fita, ka sake shafawa. In tabon ya yi yawa a bonet, ni dai gara ka yi bonet ɗin gaba ɗaya daga gefe zuwa gefe, don faci a baƙar mota yana nunawa.

Na rufin kuwa shatin ruwa ne. Ko raɓa ta sauka, ko an watsa mata ruwa kafin awa 24 ta cika, ruwan ya bushe ya bar kalsiyam da magnesiyam ɗinsa. Wannan a sama yake. Haɗa farin khal da tataccen ruwa rabi da rabi, irin ruwan da ake ƙara wa batir, ba asid ba fa, jiƙa tsumma ka ɗora minti ɗaya, ka ɗauraye, ka tsane. A inuwa, fenti da sanyinsa. In zoben ya tafi shi ke nan. In farin ya fita amma shatin yana nan kamar an zana, to ya ci cikin siramik ɗin tun yana ɗanye, shi ma folish ne.

Akwai na uku, ban gan shi a hotonka ba amma ka haska tocila ka duba: zane-zane sirara kamar saƙar gizo-gizo. In suna ƙarƙashi, tun farko suna nan, man folish ne ya ɓoye su, ba a goge da IPA ba aka rufe. Siramik ba ya cike ƙarzuwa, ƙara fito da ita yake. Kuma 9H ɗin da kake gani a kwalba ma'aunin taurin fensir ne, kar ka ɗauka dutse ne. Ni kaina na taɓa yin wautar nan: tsumman da na share siramik da shi na ajiye, washegari na ɗauka na goge but. Ashe ya bushe ya yi ƙayar gilashi a ciki, wallahi sai da na sake but ɗin daga farko. Duk tsumman da ka yi aikin da shi, kar ya sake taɓa fenti.

Yawwa, abu ɗaya zan tambaye ka. Ƙofar nan an taɓa sake mata fenti kwanan nan? Don sabon fenti yana buƙatar kwana 30 zuwa 90 ya gama fitar da sinadarinsa kafin a rufe shi, in an yi gaggawa yakan yi hazo ko ƙananan ƙuraje, kuma wannan maganarsa daban ce. Ka ba ni amsar wannan. Sabulu kuma kar ya taɓa motar sai mako ya cika. In za ka ɗauko min hoto bayan gwajin, fito da ita da sassafe ko lokacin da gari ya yi lumshi, ka tsuguna ka ɗauka daga gefe, a nan irin wannan tabon ya fi fitowa. Sai na ji ka.