Hukuncin Roƙa wa Umar ɗan Sa'id Rahama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun tarihi. A darasin tarihin Amurka mun karanta labarin wani bawa mai suna Umar ɗan Sa'id, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci. Da na ce "Allah ya jiƙansa", sai wani ɗan ajinmu ya ce na yi haramun, wai an yi wa mutumin baftisma a coci, don haka murtaddi ne. Malam, mene ne gaskiyar lamarin?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, ba ki yi haramun ba. Amma ɗan ajinku ma ba da ka ya yi magana ba, akwai abin da ya riƙe, don haka sai mu bi zancen daki-daki.

An haifi Umar wajen 1770 a Futa Toro, a gaɓar kogin Senegal. Shi da kansa ya rubuta cewa ya shekara 25 yana neman ilimi. An kama shi a yaƙi, aka sayar da shi a Charleston a 1807. Ya gudu daga hannun ubangidansa na farko, aka kama shi a Fayetteville ta jihar North Carolina a 1810, aka kulle shi. Rubutun Larabcin da yake yi a bangon kurkuku shi ya ja hankalin mutane, har wani Bature mai suna James Owen ya ɗauke shi, kuma a hannun wannan gida ya rasu wajen 1864 yana bawa. Zancen baftisma kuwa gaskiya ne, an yi masa ita a 1820 a cocin Presbyterian na Fayetteville.

Sai ki dubi zamanin. Lokacin ne guguwar farfaɗo da Kiristanci karo na biyu ta game Amurka. Tun daga babban taron wa'azin Cane Ridge na 1801 a Kentucky, ake ta taruwa a fili kwana da kwanaki ana wa'azi, ana kuka, ana tuba, bayi kuma suna ta shiga cocin Baftis da na Methodist. A 1810 aka kafa babbar hukumar tura 'yan mishan ƙasashen waje, a 1816 aka kafa ƙungiyar buga Baibul da kuma ƙungiyar mayar da baƙaƙen fata Afirka, wadda ta haifar da Laberiya. Ga waɗannan mutane, malamin Musulmi mai rubutun Larabci da aka ce ya karɓi Kiristanci ganima ce babba, abin nunawa a jarida da wajen neman gudummawa. Francis Scott Key, wanda ya rubuta waƙar da ta zama taken Amurka, yana cikin waɗanda suka samo masa Baibul na Larabci. Wato mafi yawan masu shaidar ya bar Musulunci mutane ne da ke da riba a cikin shaidar, ba su kuma iya karanta abin da yake rubutawa ba.

To me hannunsa ya rubuta? Tarihin da ya rubuta a 1831, wanda yanzu yake ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, da Bisimillah da salati ya buɗe shi, sannan ya kawo Suratul Mulk. Bawa, wanda doka ta ce dukiyar wani ne, ya fara da cewa mulki a hannun Allah yake. Akwai kuma wata takarda ta wajen 1857 da aka ɗauka addu'ar Kiristoci ce ya rubuta, da masu jin Larabci suka duba sai ga Iza ja'a nasrullahi. Ba shi kaɗai ba ne: Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori na Futa Jallon, da aka nemi ya rubuta wannan addu'a a 1828, Fatiha ya rubuta musu. Sai dai amana ta sa in gaya miki cewa a cikin littafin na 1831 akwai wuraren da Umar ya kawo addu'ar Kiristoci da lafuzzansu, ya kuma yabi gidan Owen da kyautata masa. Nan ne hujjar ɗan ajinku take.

Allah Maɗaukaki, a Suratun Nahl aya ta 106, ya cire wanda aka tilasta alhali zuciyarsa tana natse da imani daga cikin masu kafirta. Malaman tafsiri sun ce a kan Ammar ɗan Yasir ta sauka. Inda aka yi saɓani shi ne iyakar tilas ɗin. Mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar Khalil, furta kalmar kafirci ba ya halatta sai don tsoron kisa, kuma haƙuri ya fi. Wasu malamai sun faɗaɗa har zuwa duka mai tsanani da ɗauri. A Malikiyyar ma, wani mufti ɗan asalin Wahran ta Aljeriya, Ahmad ɗan Abi Jum'a, ya ba Musulmin Andalus fatawa a 1504 cewa su ɓoye addininsu su bayyana abin da aka tilasta musu.

Wani zai ce ai ba a ɗora wa Umar wuƙa a wuya ba. Haka ne. Amma ni a ganina bai dace mu auna bawan Carolina da mudun mai 'yanci ba. Ana iya sayar da shi gobe ga wanda ya fi na farko mugunta, shaidarsa ba ta karɓuwa a kan Bature, babu masallaci, babu jama'a, babu hanyar hijira. A 1831, shekarar da ya rubuta tarihinsa, wani bawa mai suna Nat Turner ya yi tawaye a Virginia, aka karkashe baƙaƙen fata da yawa a kan zato kawai. Ko da wannan bai cika sharaɗin Khalil ba, ya isa ya zama shubuha, kafirta mutum ayyananne kuwa ba a yin sa da shubuha. Musuluncinsa ya tabbata da yaƙini, yaƙini kuma ba ya gushewa da kokwanto. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa Usama, da ya kashe wani mutum a yaƙi bayan ya furta kalmar shahada, da cewa: shin ka tsaga zuciyarsa ne? Ayar Suratut Tauba ta 113 da ta hana nema wa mushirikai gafara ma ta ƙayyade hanin da bayan lamarinsu ya bayyana, na Umar kuwa bai bayyana ba.

Saboda haka ya halatta ki ce Allah ya jiƙansa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya sa sharaɗi ya ce "Allah ka gafarta masa in ya cika da imani", ko ya yi shiru, babu laifi a kansa. Abin da bai halatta ba shi ne yanke masa hukuncin ridda da wuta, haka ma yanke masa Aljanna. Kada kuma wani ya ɗauki wannan fatawa ya shiga coci a yi masa baftisma don neman takardar zama a Turai ko Amurka ya ce tilas ce. Kwaɗayi ba tilas ba ne, wannan hukuncinsa daban.

Wallahu a'alam.